Broka a Bakin Masallacin Zongo

Jama'a, ku zo ku ji abin da kunnena ya jiyo mini a Kwatano! An sallame la'asar a babban masallacin Zongo, mutane na ta kwararowa titi, 'yan acaɓa masu rawayar riga, waɗanda a can ake ce wa zemijan, sai rige-rigen fasinja suke. Ina tsaye kusa da wani dattijo Bazabarme ɗan canji, sai ga wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota ya iso da naira a leda. Kafin in ƙifta ido tsohon nan ya ɓarke da Broka, tiryan-tiryan, babu gargada! Ya sallame shi, ya juya ga wata mata ya yi mata lissafi da Faransancin kasuwa, sannan ya dube ni ya ƙirga mini sefa da Hausa, dala-dala, jaka-jaka.

Na ce, "Baba, a ina ka yi Turanci?"

Ya ce, "Ɗana, wane Turanci? Harshen ciniki ne. A hanyar Seme zuwa Ikko na tsince shi."

Nan jikina ya ɗauki tsuma. Ƙasar nan fa Faransanci ne harshen hukuma, ga Fon, ga Yarabanci, ga Dendi, ga Hausar da ta haɗa fataken Maraɗi da Kano da Malanbil tun daga Zongo har kasuwar Dantokpa. Duk da haka harshen da muke rainawa a gida, muna ce masa gurɓataccen Turanci, ya tsallako iyaka da ƙafarsa, ba malami, ba allo.

Na kasa kunne sosai, sai na ji ashe abin da tsarinsa. In aiki ya kammala, "don" ake sa wa a gaban aikatau. In ana cikinsa, "de". In nan gaba ne, "go". Daidai da yadda muke rarrabe na tafi, ina tafiya, zan tafi. Wanda ya rikita su, nan take za a gane baƙo ne. Abin da ake iya yi wa kuskure kuwa ai yana da ƙa'ida! Ga tarihi jibge a cikinsa: "sabi" da "pikin" tsarabar Turawan Fotugal ce, waɗanda suka fara zuwa gaɓar tekun nan tun ƙarni na 15, "wahala" kuma tamu ce aka ara. A Warri da Sapele yara da shi suke buɗe baki, shi ne harshensu na fari.

Sai Singafo ta faɗo mini. Can ma tashar jiragen ruwa ce, 'yan China da Malay da Tamil suka cuɗu ƙarƙashin mulkin Ingila, Singilish ya fito: kalmomin Turanci, ginin jimla mai kama da na Sinanci, da ɗan "la" a ƙarshen magana mai sassauta ta ko ƙarfafa ta, irin aikin da "mana" da "dai" ke yi mana. Hukuma ta ji tsoron zai hana 'yan ƙasa cin kasuwar duniya, har a 2000 firaminista Goh Chok Tong ya ƙaddamar da gangamin yin Turanci mai kyau. Mutane suka riƙe na ofis domin ofis, suka ƙi sakin nasu, don shi ne kaɗai ke nuna kai ɗan Singafo ne ko daga wace ƙabila ka fito. A 2016 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmominsu 19.

Namu ma ba a bar shi a baya ba. Wazobia FM ta buɗe a Legas a 2007 da zallar Broka, BBC ta kafa masa sashe a 2017. Mu Hausawa ma ai mun san irin wannan haihuwa, tunda daga Hausa Barikanci ya fita a barikokin soja zamanin Turawa. Yanzu abin da ke cina shi ne in ji Hausar yaran da aka haifa a Zongon nan, masu tafiya lakwal da safe, allo da yamma. Gobe da asuba can na nufa.