Man Shafawa Ma Magani Ne

Ya kai ɗalibi, idan kurajen balaga sun feso maka a fuska, na san halin da kake ciki. Ina ɗan shekara 15 suka rufe mini goshi da kumatu, har na daina ɗaga hannu a aji don kada a juyo a dube ni. Wani abokina ya nuna mini wani man shafawa a kemis, na saya ba tare da na ga likita ba. A jikin kwalin an rubuta cewa yana ɗauke da kilindamaisin, kashi 1 cikin 100. Na riƙa lafta shi safe da yamma, har wuya da ƙirji, wai don ya yi saurin aiki.

Bayan mako 2 sai cikina ya fara murɗawa, gudawa ta biyo baya. Na ɗora laifin a kan waken da muka ci a makaranta. Da abin ya kwana 3 bai tsaya ba, mahaifiyata ta kai ni asibiti. Likita ta tambaye ni, "Yaro, kana shan wani magani?" Na ce a'a, domin ban taɓa haɗiyar man nan ba. Mahaifiyata ce ta tuna, ta ce, "Likita, akwai wani mai da yake shafawa a fuska."

Likita ta bayyana mana cewa kilindamaisin maganin kashe ƙwayoyin cuta ne. Ko da a fata aka shafa shi, ɗan kaɗan yakan ratsa ya shiga jini. A cikin hanjin ɗan Adam kuwa akwai ƙwayoyi masu amfani. Idan maganin ya rage su, wata muguwar ƙwaya takan samu damar yaɗuwa, ta kumbura babban hanji. Ta ce abin ba kasafai yake faruwa ba, yawancin masu shafawa lafiya lau suke gamawa, amma idan ya faru ba a wasa da shi. Ta hana ni shafa man, ta sa na riƙa shan ruwan gishiri da sukari. Cikin 'yan kwanaki na murmure.

Saboda haka, kada ka sayi irin wannan magani sai da izinin likita, kuma kada ka wuce yadda aka ce ka shafa. Idan ka taɓa fama da kumburin hanji, ka faɗa tun farko. Idan ka ga gudawa mai yawa, ko jini a bayan gida, ko zazzaɓi da murɗawar ciki, ka daina shafawa ka tafi asibiti, ko da ka yi makonni da barin maganin. Kada ka sha maganin tsayar da gudawa da kanka, domin yana iya tsananta ciwon.

Hausawa sun ce garin neman gira a kan rasa ido. Duk ranar da likita ya tambaye ka maganin da kake amfani da shi, ka lissafa masa har da na shafawa.