Daren Da Muka Kai Amarya

Mai karatu, ni ma na taɓa zama cikin motar tsere, kuma babu wanda ya tilasta mini. Lokacin hutu ne, na bar Legas na tafi gida bikin wata ƙanwata. Daren kai amarya motoci kusan goma muka jera. Muna hawa babban titi sai wata mota ta sha gabanmu, abokin ango da ke jan tamu ya ce wallahi ba za ta saɓu ba. Ya taka, ɗayan ma ya taka. Mu da ke baya muna ihu, muna dukan rufin mota, muna cewa, "Ba ta wuta!" Da idona na ga allura ta wuce 120, alhali gudun da aka ƙayyade a cikin gari kilomita 50 ne a awa ɗaya.

A bakin wani shataletale muka kwashe wani mai shayi da ya tashi daga aiki yana tura kurarsa. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu.

Sai da na dawo makaranta na nemi sanin abin da doka ta ce. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 zamanin Babangida, Wole Soyinka na shugabanta na farko, tana aiki da dokar 2007. Wannan doka ta tanadi tarar naira 50,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko duka biyun, ga wanda aka samu da tuƙin ganganci. In kuwa an rasa rai, ɗaurin na iya kaiwa shekara 7. A takarda dai abin da tsoratarwa. To amma a 2007 dala ɗaya ba ta kai naira 130 ba, saboda haka naira 50,000 kuɗi ne na gaske. A ƙarshen 2024 kuwa, da litar fetur ta haura naira 1,000, wannan tara ko tankin babbar mota ba za ta cika ba. Ɗan mai kuɗin da ke ƙona tayoyi don burge 'yan mata, wannan ce za ta hana shi barci?

Abin da ya fi damuna ma shi ne, tamu maganar ko ofishin 'yan sanda ba ta kai ba. Washegari dattawa suka tafi asibiti, aka biya kuɗin ɗori da magani, aka haɗa da buhun shinkafa. Yayan mai shayin ya ce, "Alhaji, ƙaddara ce, mun yafe." Shi kenan. Ba na raina sulhu, don da kotu aka nufa, wataƙila da bawan Allah nan ya sha jeka-ka-dawo ba tare da ya ga ko sisi ba. Sai dai direbanmu ko lasisinsa ba a karɓa ba, bayan wata biyu na ji shi ne ya sake jan ayarin wata amaryar. Mu 'yan zuga kuwa, ko sunanmu ba a tambaya ba.

A hutun da ya wuce na bi ta shataletalen. Yana nan da teburinsa, ga sanda jingine a gefe, yaronsa ne ke tura kurar yanzu. Na zauna ya haɗa mini shayi, ya tambaye ni karatu da mutanen Ikko. Bai gane ni ba, ni kuma ban gaya masa ba.