Riƙo a Jikin Tangaran: Tunani a Kan Lissafin Motsin Fizo

A shekarar 1880 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa idan aka matsa wasu duwatsu sukan fitar da lantarki. Bayan shekara guda Gabriel Lippmann ya nuna ta hanyar lissafi cewa akasin haka ma zai yiwu, wato a ba dutsen lantarki ya miƙe ko ya tsuke. A kan wannan aka gina na'urar turi ta fizo, wadda ke sarrafa allurar madubin ganin atam da bakin feshin mai a wasu injunan dizal.

Motsin nata ƙanƙane ne ƙwarai. Jerin faya-fayan tangaran na PZT mai tsawon milimita 10 yakan ƙaru da kimanin maikuromita 10, abin da bai kai kaurin silin gashi ba. Lissafinsa mafi sauƙi shi ne a ninka yawan faya-fayan da ƙarfin lantarki da kuma wani tsayayyen adadi na tangaran ɗin. Sai dai awo ba ya bin wannan sau da ƙafa. A kan ƙarfin lantarki guda, tsawon da ake samu yayin ƙari daban ne da na yayin ragi, kuma ratar kan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

A nan ne na daɗe ina neman kalma. Sunan da masana suka ba wannan hali daga Girkanci yake, ma'anarsa zama a baya, don haka mai fassara zai yi saurin cewa jinkiri ko makara. Amma jinkiri batu ne na lokaci, alhali ko an bi a hankali ratar tana nan. Tsarin da Ferenc Preisach ya fitar a 1935 domin maganaɗisu, wanda aka aro wa fizo daga baya, ya ɗauki abin a matsayin tarin ƙananan makunnai, kowanne da matakin da yake kunnuwa da wani na ƙasa da shi da yake mutuwa. Jimillarsu ita ce motsin, kuma ta dogara ne da abin da ya riga ya faru da su.

Bahaushe yana da sunan wannan ɗabi'a. Mai riƙo shi ne wanda amsarsa ta yau ke ɗauke da abin da aka yi masa jiya. A ganina riƙo ya fi kalmar asalin kama ma'anar lissafin, har ma yana nuna magani: injiniya yakan juya tsarin ya lissafa lantarkin da zai bayar bisa tarihin na'urar.

Abin da nake roƙon masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi shi ne su duba lissafin kafin ƙamus. Ɗalibin da aka koya wa jinkiri zai zaci haƙuri zai rufe ratar, ya yi ta jira, awonsa kuwa ya ci gaba da kuskure.