Ƙurar Kaka da Kyamarar Mai Hoton Ƙauye

Uwargida, in kika bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta bayan kaka, ba za ki ga daji ba. Gona ke bin gona, gawo da kuka a tsakani, ƙauye na hango ƙauye. Ko'ina sussukar gero da dawa ake yi, kuɗi sun shigo hannu, bukukuwan aure sun kankama. Kasuwar mai hoto ta buɗe ke nan.

Ki dubi kyamarar da ke wuyansa. Yawanci ta hannu ce, Canon ko Nikon da wani ya gama mora a ƙasar waje. Duk sanda ya sauya gilashi, ƙaiƙayi da ƙurar hunturu kan shige ciki su kwanta kan farantin da ke kama hoto. Shi ne ɗigon baƙin nan da kike gani a goshin amarya, baiwar Allah. Ɗan marufin da ke buɗewa ya rufe a kowane ɗauka kuwa ƙarewa yake, kuma ba kowane dillali ke faɗin dubu nawa ya riga ya buga ba. Ranar da ya cije, sai birni: kuɗin mota, kuɗin gyara, ga jiran kayan da za a ciro daga wata matacciyar kyamara. Wani lokaci sayen wata ya fi araha.

Masu tsadar ma ba su tsira ba. Leica M9 ta Jamus, fitowar 2009, farantinta lalacewa yake yi, kuma a 2020 aka daina ƙera madadinsa.

Ranar suna ko ɗaurin aure, ki sa ya ɗauki farin bango ya nuna miki tukuna, ƙanwarki kuma ta riƙa ɗauka da waya a gefe.