Nibutani, ƙauyen da ake saƙa riga da ɓawon itace

A tsibirin Hokkaido, can arewacin ƙasar Japon, akwai wani ƙauye a bakin kogin Saru mai suna Nibutani. Galibin mazaunansa Ainu ne, wato al'ummar da take zaune a tsibirin tun kafin mulkin Japon ya iso.

A nan ne har gobe mata suke saƙa attus, tufar da zarenta bai san auduga ba. Idan ƙanƙara ta narke, sai a shiga daji a ɓare wata itaciya mai suna ohyo. A dafa ɓawon ciki da toka, a wanke, a shanya, a tsattsaga shi siri-siri, sannan a murza ya zama zare. Masaƙar kuwa ba ta da ƙafa: gefe guda a turke, guda a ƙugun masaƙiya.

Amma fa ma'anar rigar tana bakinta. A wuya, da bakin hannu, da gindin riga, ake ɗora ƙyallen auduga mai duhu, irin wanda a da ake saye wajen fataken Japon, a bi shi da ɗinki. Akwai zane mai murɗewa, morew, akwai mai tsinin ƙaya, aiushi. An ce ta waɗannan ƙofofi ne miyagun iskoki suke shiga jikin mutum, shi ya sa ake tsare su da ƙaya. Riga ce, laya ce kuma. Ranar kamuynomi, wato addu'a ga ababen bautarsu, namiji yakan ƙara da sapanpe, kambin da aka kitsa da firar itace, ya rataya takobi; mace ta ɗaura tamasay, tsakiya mai manyan duwatsun gilashi.

Hukuma ba ta raga wa wannan ado ba. A 1871 aka haramta wa mata zanen baki, maza kuma ƴan kunne. Daga baya aka gina madatsar ruwa a Nibutani, ruwa ya cinye gonaki da wuraren ibada. Kayano Shigeru, ɗan ƙauyen, Ainu na farko da ya shiga majalisar dokoki a 1994, yana cikin waɗanda suka kai ƙara. A 1997 kotun Sapporo ta ce an ƙwace filayen ba bisa doka ba, amma ta bar madatsar a tsaye. Sai a 2019 doka ta amince cewa Ainu ƴan asalin ƙasa ne.

Duk watan Agusta, ranar bikin cipsanke, mutanen ƙauyen sukan fito da rigunan nan, su yi addu'a, su tura kwale-kwale cikin Saru.