Dalilin da Ya Sa Musantawa Ba Ta Wanke Mutum Tas

Kafin ƙwaƙwalwa ta kore abu, sau da yawa sai ta fara kawo shi. Wanda aka ce wa "ƙofar ba a buɗe take ba" yakan fara riƙe batun buɗewa, sannan ya juya shi. A 1972, masanan Amurka Herbert Clark da William Chase sun sa mutane su gwada jimloli da hotuna, suka ga korarriyar jimla ta fi tabbatacciya cin lokaci. A 2006, Barbara Kaup da abokan aikinta a Jamus sun nuna cewa sai bayan kamar daƙiƙa ɗaya da rabi hoton ƙofa a rufe ke zama a ran mai karanta irin wannan jimla.

Sai dai nauyin korewa ba ɗaya ba ne a ko'ina. Tun 1965 Peter Wason ya lura cewa tana sauƙi idan ta zo gyara zaton da ke akwai. "Jemage ba tsuntsu ba ne" tana shiga nan take, domin mai fukafukai ne, ana iya ɗaukarsa tsuntsu. "Jemage ba kujera ba ne" kuwa takan sa mai ji ya tsaya, yana neman wanda ya taɓa zaton haka. Ke nan duk korewa tana nuni da cewa akwai wani zato a ƙasa.

A nan haɗarin yake. Kanun labarin da ya ce "shugaban ƙungiya bai ci kuɗin marayu ba" ya riga ya haɗa mutumin da kuɗin marayu a jimla ɗaya. "Bai" da "ba" ƙananan kalmomi ne, su ke fara zubewa idan kwanaki suka ja, sunan da zargin su rage. A 2005, Ian Skurnik da abokan aikinsa sun gano cewa tsofaffin da aka yi ta maimaita musu cewa wata magana ƙarya ce, bayan kwana uku sun fi tuna ta a matsayin gaskiya.

Saboda haka likita da ɗan jarida da malami suna da abin lura. "A sha bayan an ci abinci" ya fi "kada a sha da yunwa" aminci, domin ya bar wa majinyaci hoton abin da ake so ya yi. Mai kare mutuncin wanda aka yi wa ƙazafi kuma ya fi cin nasara idan ya faɗi inda kuɗin suka shiga.