Harafi Guda Mai Ja Wa Yaro Bulala

Mu malaman makaranta akwai wani ɗan harafi da ya daɗe yana hana mu barci, watau harafin "s" na Turanci. Ran nan muka duba littattafan yaranmu, muka tarar galibinsu sun rubuta "the boy go" da "the boys goes". Muka yi ta faɗa, har aka taɓa waɗansu da tsumagiya, amma kashegari kuskuren na nan daram. Abin kuwa ba na wasa ba ne, gama harafin nan kaɗai ya isa a jefar da takardar yaro ta neman aiki. Sai muka koma muka binciki kanmu, ko laifin namu ne.

To, ga abin da muka gano. Da fari mun koya wa yaro "s" alamar jam'i ce, kamar yadda ya gan ta a wutsiyar "boys". Sa'an nan muka juyo muka ce masa, in ana ba da labarin mutum guda da abin da yakan yi, a manna ta ga fi'ili, a ce "the boy goes". Watau a jikin suna tana nuna yawa, a jikin fi'ili tana nuna ɗaya. Ina laifin yaro in ya ruɗe?

Alhali kuwa ka'idar nan ya san ta tun yana goye. Ba ɗan Bahaushen da zai ce "yara ya tafi", sai dai "yaro ya tafi, yarinya ta tafi, yara sun tafi". Bambancin kurum shi ne Hausa tana sa alamar a ƙaramar kalmar da ta riga fi'ili, Turanci kuwa a wutsiyarsa. Wanda ya karanta nahawu a zaure ya san Larabci ma da tasa hanya: in fi'ili ya riga fa'ili yakan zauna mufuradi, ko da masu aikin dubu ne. Turancin kansa ba haka ya taso ba. A fassarar Baibul ta 1611 "goeth" ake rubutawa, "s" ɗin nan daga arewacin Ingila ta yaɗu har ta kore shi.

Saboda haka muka sake dabara. Yanzu da Hausa muke buɗe darasi: mu rubuta "ya" da "sun" a allo, mu jera Turancin ƙarƙashinsu, mu tambaya, "Wa ya yi aikin, mutum nawa ne?" Har muka nuna musu yadda mukan ce "jama'a ta taru" ko "jama'a sun taru", haka Ingilishi ke cewa "the team is" ko "the team are". Ba mu ce kuskuren ya ƙare ba, amma ya ragu, tsumagiya kuma ta huta.

'Yan'uwanmu malamai, kafin mu ɗaga hannu mu fara tambaya, me yaron nan ya riga ya sani daga gida? Allah ya sa mu dace, amin.